Fallen Tangaran a Haƙora: Amsa ga Mai Son Sa Biniya

"Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 29. Tun ina yarinya haƙorana na gaba suke da ɗigo-ɗigon fari da ruwan ƙasa, ɗaya kuma ya ɓantare a gefe lokacin da na faɗi ina makaranta. Ko hoto za a ɗauka ba na iya buɗe baki. Na ga ana tallar abin da ake kira biniya a Instagram, haƙora fari fat a jere. Amma wata ƙawata ta ce sai an fiƙe haƙoran mutum sun koma kamar tsinke kafin a sa. Gaskiya ne? Tana daɗewa? Sannan maigidana ya ce ina gurza haƙora cikin barci, ko wannan zai hana? Don Allah a ba ni shawara."

Wa'alaikumus salam, Malama. Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko da gaske sai an lalata haƙori kafin a manna masa biniya, tsawon lokacin da take yi a baki, da kuma ko mai gurza haƙora zai iya sawa. Zan amsa dukkansu, amma zan ƙara na huɗu da ba ki tambaya ba, wato ko ma biniyar ce maganin abin da ke damun ki. Da a gabana kike zaune, da shi zan fara.

Mece ce biniya, kuma me ke riƙe ta

Biniya falle ne na tangaran, siriri kamar farce ko ma bai kai ba, wanda ake ƙerawa daidai da fuskar haƙori ɗaya a manna shi ta gaba. Bayan haƙorin, inda harshe ke taɓawa, yana nan yadda Allah ya halicce shi. Kaurin fallen yakan kama daga milimita 0.3 zuwa 0.7. Kafin a manna shi, da yatsu biyu za ki iya karya shi. Ƙarfinsa daga mannewar yake zuwa, kamar tayil da ba ya jure taku sai ya zauna daram a kan siminti.

Abin daga masana'antar fim ta Amurka ya samo asali. A 1928 wani likitan haƙori a Kalifoniya mai suna Charles Pincus ya fara yi wa 'yan fim irin wannan rufi, amma na ɗan lokaci ne, a sa a ɗauki fim a cire, domin babu gam ɗin da zai riƙe shi. A 1955 wani likitan haƙori mai bincike, Michael Buonocore, ya nuna cewa idan aka shafa wa saman haƙori asid na ɗan lokaci, yana yin wasu ƙananan ramuka da ido ba ya gani, gam ya shiga cikinsu ya kama. Sai a farkon shekarun 1980 likitocin haƙori irin su John Calamia suka nuna ana iya yi wa cikin tangaran ɗin ma haka da wani asid daban. Daga nan ne abin ya tashi daga kayan wasan kwaikwayo ya zama aikin da zai shekara goma ko ashirin a baki.

Na kawo tarihin ne don ki ga inda nasarar ta tsaya. Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne inamel, farin ɓawon nan da ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam. Ba shi da jijiya, kuma idan ya tafi ya tafi ke nan, ba ya sake tsirowa. Ƙarƙashinsa akwai dentin, mai launin rawaya-rawaya, wanda bai kai shi tauri ba, mai danshi, cike da ƙananan kafofi masu kaiwa ga jijiya. Can ciki kuma ɓargon haƙori ne, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Gam yana kama inamel ƙam, shekara da shekaru. Yana kama dentin ma, amma kamun yana raunana a hankali. To, a haƙoran gaba, inamel ɗin da ke kusa da dasashi bai wuce milimita 0.3 zuwa 0.5 ba, na tsakiya kuma yakan kai kusan milimita 1. Kin ga ke nan filin da likita ke da shi ɗan ƙanƙane ne. Hannu ya ɗan yi nauyi kaɗan, an wuce inamel an shiga dentin, an kuma rage wa aikin shekaru tun kafin a manna shi.

Maganar ƙawarki

Ƙawarki abin da ta gani ta faɗa, sai dai abin da ta gani ba shirin biniya ba ne. Haƙoran da ake nunawa a bidiyo an fiƙe su ta kowane gefe sun koma 'yan tsinake, shiri ne na hular haƙori, wadda ake kifawa ta rufe haƙorin gaba da baya. An auna bambancin a wani bincike da aka buga a 2002: shirin biniya yana cin kashi 3 zuwa 30 cikin 100 na ɓangaren haƙorin da ke sama da dasashi, shirin hula kuma kashi 63 zuwa 72. Hula tana da wurinta. Haƙorin da ya ruɓe sosai, ko wanda ciko ya fi haƙorin yawa, ko wanda ya tsage, hula ce rufin asirinsa. Amma a ɗauki lafiyayyun haƙoran mai shekara 29 a fiƙe su saboda launi kawai, wannan garin neman gira ne a rasa ido. Yadda aka matsa kusa da jijiya, haka haɗarin ta kumbura ko ta mutu yake ƙaruwa, wani lokaci sai bayan shekaru abin yake fitowa, da ciwo ko ƙurji a dasashi.

Me ya sa wasu ke yin haka kuma su kira shi biniya? Saboda ya fi sauri, bai buƙatar nutsuwar hannu irin ta biniya, kuma yana ɓoye karkatar haƙora ba tare da an jira watannin gyara ba. Duk inda aka ce miki za a sauya miki haƙora ashirin cikin kwana biyar, ki tsaya ki yi tambaya ɗaya: za a taɓa bayan haƙorana? Idan amsar ita ce e, hula ake shirin sa miki, ko da wane suna aka kira ta. Akwai kuma waɗanda ba likitoci ba ne sam, sun yi kwas na kwana biyu sun buɗe shago. A 2024 sai da Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta fito ta ja kunnen jama'a a kansu. Irin waɗannan suna manna roba a kan haƙorin da ke da kogo ko dasashin da ke ciwo, su rufe cuta a ciki.

Duk da haka ba zan ɓoye miki ba: ko biniya ta gaskiya, wadda ƙwararre ya yi, hanya ce da ba a dawowa. Da zarar an kankare rabin milimita, wannan haƙorin zai buƙaci rufi har ƙarshen rayuwa. Akwai nau'in da ake mannawa ba tare da kankara ba, kuma yana kyau ga wanda haƙoransa ƙanana ne, ko masu tazara, ko waɗanda suka ɗan kwanta ciki. Ga mai haƙora masu girman da ya dace, fallen yana ƙara musu kauri, su fito tulu-tulu, gefensu ya riƙa tara dauɗa har dasashi ya kumbura.

Daga ina tabon ya zo

Yadda kika kwatanta, ɗigon fari da ruwan ƙasa tun ƙuruciya a haƙora da yawa, ya fi kama da tabon fuloraid. Wannan sinadari kaɗan ɗinsa kariya ne daga ruɓewa, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Amma idan ya yi yawa a ruwan da yaro ke sha kafin ya kai shekara 8, lokacin da haƙoran dindindin ke ginuwa a cikin muƙamuƙi, sai inamel ya fito da tabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 cikin litar ruwa. Akwai wani tabon kuma na maganin tetirasaikilin da aka sha a ƙuruciya, shi kuma yakan zo ne zane-zane a kwance, toka-toka ko ruwan ƙasa, kuma a can cikin dentin yake, shi ya sa ya fi taurin kai. Tabon shayi, kofi da taba a sama kawai yake, wankin haƙora a asibiti yana fitar da shi.

Haƙorin da kika faɗi a kansa shi ne wanda zan fi bincika. Haƙorin da ya bugu yana iya mutuwa shiru ba ciwo, ya riƙa duhu a hankali. Sai an ɗauki hotonsa, an kuma gwada jijiyarsa da sanyi. Idan ta mutu, aikin cikin saiwa ne farko, wato a cire matacciyar jijiyar a cike gurbinta, sannan a wanke duhun daga ciki, kafin a yi maganar kowane rufi.

Bambance waɗannan na da muhimmanci, domin tabon fuloraid mara zurfi yana da magungunan da ba sa cin haƙori kamar biniya. Ana iya fara da farar da haƙora a gida, da maganin kabamaid feroksaid kashi 10 cikin 100 a cikin robar da aka auna daidai da bakinki, mako biyu zuwa huɗu. Ruwan ƙasar yakan yi haske, farin ɗigon kuma ya rage fitowa tunda kewayensa ya matso kusa da shi. Abin da ya saura ana iya goge shi da haɗin asid mai rauni da gari mai laushi, wanda ke ɗauke ɗan saman inamel kaɗan, ko a tsuma farin ɗigon da wani ruwan roba da ke shiga kafofinsa ya daidaita launin. Ɓantarar kuma farin ciko na kwamfozit, wato roba mai launin haƙori, yana gyara ta a zama ɗaya, sau da yawa ko allura ba a yi. Idan da karkata ko cunkoso, wayar gyaran haƙora ko robar nan mai haske da ake sawa a cire su ne hanya. Suna cin watanni, amma ba sa cin haƙori.

Na taɓa samun wata baiwar Allah da ta zo da hoto a waya, tana son biniya takwas. Da ƙyar na shawo kanta ta ba ni wata ɗaya. Muka farar da haƙoran, muka goge tabo biyu, na cike gefen haƙori ɗaya. Da ta kalli madubi ta ce a bar maganar biniyar. Amma kada ki ɗauka kullum haka ake ƙarewa. Wani saurayi da nake dubawa, tabonsa ya yi zurfi har inamel ya yi ramuka-ramuka, mun gwada duk waɗannan abin bai gamsar ba. Shi kam biniya shida ce ta fitar da shi, kuma ban taɓa nadamar yi masa ba. Mutumin da a da yake magana yana kare baki da hannu, yanzu sai an ce masa ya yi shiru.

Akwai kuma matsakaiciyar hanya, wato a lulluɓe fuskar haƙorin da kwamfozit maimakon tangaran. Ba ta kai tangaran ƙyalli da daɗewa ba, tana ɗaukar tabo, kuma bayan shekara biyar zuwa bakwai yawanci tana son sabuntawa. Amfaninta shi ne kankarar kaɗan ce ko babu, kuma idan ta ɓantare ana gyarawa nan take.

Idan an yanke shawarar yi

Tun ran gini tun ran zane. Kafin komai sai an tabbatar babu kogo, dasashi kuma ba ya jini, domin jini ko danshi kaɗan a wurin mannawa yana ɓata aikin. Idan za a farar da sauran haƙora, kafin biniya ake yi, saboda tangaran ba ya jin maganin fari, launin da aka ƙera shi da shi a nan zai tsaya. Sannan a jira mako biyu bayan an gama, don launin ya zauna, ragowar maganin da ke hana gam kamawa kuma ya fita.

Matakin da na fi so ki riƙe shi ne na gwaji. Ana ɗaukar awon bakinki, a gina sabuwar siffar da kakin zuma a kan samfurin, sannan a kwafo ta da roba ta wucin gadi a ɗora a kan haƙoranki yadda suke, ba a taɓa su ba. Ki kalli madubi, ki yi dariya, ki yi magana ki ji ko harafin "s" yana fita daidai, ki ga ko leɓɓanki suna haɗuwa ba tare da kin matsa ba. A wannan lokacin kina da damar cewa a rage tsawo, ko ma ki ce kin fasa, ba ki yi asarar komai ba. Likita mai kula kuma ta cikin wannan robar yake kankara, ta yadda ba zai cire sai abin da sabuwar siffar ke buƙata ba. Wanda ya tsallake wannan mataki ya ɗauko inji tun ranar farko, ki tashi daga kujerar.

Bayan kankara ana sake awo ko a ɗauki hoton haƙoran da na'ura, a sa miki na wucin gadi mako ɗaya ko biyu, mai ƙira ya yi aikinsa. Ranar mannawa ana fara ɗora su ba gam ki gani ki amince. Sannan a shafa wa cikin fallen asid haidirofulorik da wani sinadari mai suna silen, a shafa wa haƙorin asid fosforik mai ƙarfin kashi 37 cikin 100, a sa gam, a haska shuɗin haske ya daskare. Bayan nan yawanci babu cirewa sai dai a kankare.

Tangaran ɗin iri-iri ne. Na feldisfa, wanda ake ɗorawa hawa-hawa da hannu a gasa, ya fi kowanne kama da haƙorin asali, amma ya fi saurin karyewa. Litiyam disiliket, wanda aka fi sani da sunan IPS e.max, ya ninka shi ƙarfi kusan sau uku zuwa huɗu, shi ne kuma nake yawan zaɓa. Zakoniya ta fi su duka ƙarfi, amma asid ɗin nan ba ya cin ta, don haka mannewarta ta fi wuya, ga aikin da kuma mannewa ce ransa.

Game da launi, ra'ayina ne, kina iya saɓa mini: fari fat ɗin nan na talla shi ne abin da ke fara tona asirin aiki. Haƙorin gaske yana da ɗan rawaya kusa da dasashi, bakinsa kuma haske na ratsa shi kaɗan, fiƙa ta fi na tsakiya duhu. Nakan ce wa masu zuwa wurina kada haƙora su fi farin idonsu fari. Sannan ki sani yi wa haƙorin gaba ɗaya tak shi ne mafi wahala, domin sai ya yi daidai da ɗan'uwansa na asali, shi ya sa ake yawan yin biyu, huɗu ko shida.

Daɗewa, da maganar gurza haƙora

An bi diddigin biniya 318 a jami'ar Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, aka buga sakamakon a 2012. Bayan shekara 5 kusan kashi 94 cikin 100 suna nan, bayan shekara 10 kusan kashi 93, bayan shekara 20 kusan kashi 83. Alƙaluma ne masu kyau, amma aikin ƙwararru ne a asibitin jami'a. Ki yi lissafi da shekarunki. Idan Allah ya yi miki tsawon rai, ko da kowane zubi ya yi shekara goma sha biyar zuwa ashirin, za ki sabunta sau biyu ko uku. Kowace sabuntawa kuɗi ne, kuma tana ɗan ƙara cin haƙorin. Ba sai ta karye ake sauya ta ba. Dasashi yana ja da baya da shekaru, bakin fallen ya fito, ko gefensa ya yi layin duhu, musamman ga masu shan taba. Tangaran ba ya ruɓewa, amma haƙorin da ke ƙarƙashinsa yana yi, kuma daga gefen nan ruɓewar ke shiga.

A wannan binciken na Innsbruck dai, masu gurza haƙora haɗarin lalacewar biniyarsu ya ninka na sauran sau 7.7. Saboda haka maganar maigidanki ba ta wasa ba ce. Ni kaina na koyi wannan da tsada. A farkon aikina na yi wa wani bawan Allah biniya huɗu, na ga bakin haƙoransa sun siɗe sun yi lebur amma ban ba abin muhimmanci ba. Bai cika shekara biyu ba ya dawo da guda biyu a ɓantare. Laifina ne, ba na tangaran ba. Tun daga nan ba na fara aiki sai na duba alamun gurza: haƙoran da suka siɗe, tsokar muƙamuƙi da ta yi kauri, zanen haƙora a gefen harshe, ciwon kai ko gajiyar muƙamuƙi da safe.

Gurza ba ta hana biniya kwata-kwata, amma tana zuwa da sharaɗi. Sai an yi miki robar kariya mai tauri da za ki riƙa sawa kowane dare, ba dare ɗaya a mako ba. A zaɓi tangaran mai ƙarfi, a kuma daidaita yadda haƙoran sama da na ƙasa ke gogar juna. Idan turamenki na baya sun zube, sai an fara maye su, don kada nauyin tauna ya koma kan na gaba. Yana da kyau kuma a nemi abin da ke jawo gurzar, domin damuwa, yawan shan kofi, wasu magunguna, da ɗaukewar numfashi cikin barci duk suna da hannu. Idan kin san ba za ki iya kwana da roba a baki ba, kwamfozit ya fi miki, tunda shi idan ya ɓantare minti talatin ya isa a gyara.

Kulawar yau da kullum ba ta da wuya: buroshi mai laushi, man goge baki mai fuloraid sau biyu a rana, zaren sakace tsakanin haƙora, da duba likita duk wata shida. Ki guji man gawayi da duk mai kaushi, yana dusashe ƙyallin. Kada ki buɗe kwalba da haƙori, ko ki ciji farce, ƙanƙara ko fil. Tsamin haƙori idan an sha ruwan sanyi yakan yi kwanaki ko 'yan makonni bayan aiki ya lafa. Idan ya wuce haka, ko ya koma zugi mai hana barci, ki koma.

Duk wannan daga kwatancenki na gina shi, ban ga bakinki ba, kuma zurfin tabo da yawan inamel da ya rage abubuwa ne da sai an duba da ido da hoto. Amma da ni zan tsara miki, ga yadda zan bi: a ɗauki hoton haƙorin da ya bugu a gwada jijiyarsa, a wanke haƙoran, a yi miki robar dare ki fara sabawa da ita tun yanzu, a farar da haƙoran, a goge ko a tsuma tabon, a cike ɓantarar. Ki zauna da wannan wata uku. Idan har yanzu kina rufe baki a hoto, to ki nemi biniya a kan haƙoran da abin ya shafa kawai. Idan kin je, ki ce likitan ya faɗa miki milimita nawa zai cire, ko aikin zai tsaya a cikin inamel, sannan ya nuna miki hoton aikinsa da ya shekara biyar a bakin mai shi, ba wanda aka ɗauka ranar da aka manna ba.